Majnunu Laila a Majigin Indiya, na Raƙuma da na Motoci

Duk wanda ya yi nisa a karatun Larabci har ya kai ga littattafan adabi ya san sunan Ƙaisu ɗan Mulawwahu, mutumin Banu Amir, wanda son Laila ya gusar wa hankali har sunansa na yanka ya ɓace, aka koma kiransa Majnunu, watau mahaukaci. Fatake kuwa da suka taka Hijaz ko Masar sun ji ana buga misali da shi idan aka ga saurayi ya rame ba ciwo. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mutanen Indiya masu sana'ar majigi, wanda yaran zamani ke kira fim, sun mai da wannan labari jarinsu tun majigi bai fara magana ba, suna ta maimaita shi. Biyu daga ciki sun isa a aza su a ma'auni. Ɗaya ya fito a 1976, da raƙuma da rawuna da takubba. Ɗayan ya fito a 2018, da motoci da wayar hannu. Sunansu guda, Laila Majnu, kuma duka biyun sun ƙare da mutuwar masoyan, amma hanyar da kowanne ya bi kafin ya kai kabari dabam take.

Ba a gane abin da majigi ya ƙara ko ya rage sai an san asalin kaya. Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, ya kawo labarin Majnunu cikin littafinsa na tarihin sha'irai, sa'an nan Abul Faraji al-Isfahani ya tara ruwayoyinsa da yawa cikin Kitabul Agani. A ruwayoyin nan Ƙaisu da Laila 'yan ƙabila ɗaya ne a ƙasar Najadu, zamanin Banu Umayya, sun tashi suna kiwon dabbobin iyayensu tare a gindin wani dutse da ake kira Taubad. Da ta girma aka tsare ta, shi kuwa ya shiga yi mata waƙa yana ambaton sunanta, waƙar ta bazu cikin Larabawa. Da danginsa suka je neman aure sai ubanta ya ƙi. Babu jini tsakaninsu, babu bashi, ba kuma rashin asali. Al'adar Larabawan ƙauye ce ba su ba da 'ya ga wanda ya riga ya yi shelarta cikin waƙa, domin kada a ce auren rufin asiri ne. Aka aurar da ita ga wani, aka kai ƙarar Ƙaisu ga hukuma har aka halatta jininsa idan ya kusanci gidajensu. Ubansa ya kai shi Makka ya roƙi waraka, shi kuwa da ya kama tufar Ka'aba sai ya roƙi a ƙara masa son. Daga nan ya shiga daji ya zauna da bareyi, har aka tsinci gawarsa a wani kwari mai duwatsu.

Tun a wancan zamani akwai malaman da suka yi shakkar ko an taɓa yin wannan mutum. Abul Faraji da kansa ya kawo maganar masu cewa wani saurayi ne daga gidan Banu Umayya ya ƙaga sunan domin ya ɓoye son da yake wa 'yar baffansa. Taha Husaini na Masar ya sake tayar da wannan shakka a ƙarni na 20. Shakkar ba ta rage wa labarin kasuwa ba ko kaɗan.

Ruwayoyin Larabci guntu-guntu ne kamar tsaba a faifai. Wanda ya tsire su cikin zare guda shi ne Nizami, sha'irin birnin Ganja a ƙasar Azarbaijan ta yau, wanda ya rubuta labarin da Farisanci a 1188, watau 584 ta Hijira. Shi ya ɗauke yaran daga makiyaya ya zaunar da su a makaranta. Shi ya sa wa mijin Laila suna Ibn Salam, ya kuma mai da shi mutumin kirki wanda ya haƙura da kusantarta har baƙin ciki ya kashe shi. A hannun Nizami da sufayen da suka biyo baya Majnunu ya zama misalin bawan da ƙauna ta cinye har bai ganin kowa sai abin ƙaunarsa. Amir Khusrau na Dilli ya yi nasa a 1299, kuma ta wannan ƙofa ta Farisanci labarin ya zauna a Indiya. Saboda haka Lailar da mutanen Bombai suka sani jikar Nizami ce, ta biyo ta hannun Farisawa kafin ta iso gare su.

Masu majigin Indiya sun yi shi ba sau ɗaya ba. A 1953 Shammi Kapoor ya fito a Majnunu, Nutan ta fito a Laila. Wani mai suna K. Asif ya fara nasa da Guru Dutt, sai Guru Dutt ya mutu a 1964. Ya ɗauko Sanjeev Kumar ya sake farawa, sai shi Asif ɗin ya mutu a 1971. Ba a fitar da aikin ba sai 1986, a gurguje ba a kammala ba, bayan Sanjeev Kumar ma ya mutu. Wanda ya zuba kuɗinsa a wannan ciniki ya ga abin da ake kira jari ya kwanta. Masu kallo a Kano da Kaduna da Jos kuwa ba baƙin majigin Indiya ba ne, gama tun shekarun 1950 'yan kasuwar Labanan suka fara kawo shi gidajen silima na Arewa.

Na 1976 H. S. Rawail ne ya shirya shi. Rishi Kapoor, ɗan wan Shammi, shi ne Ƙaisu, Ranjeeta kuwa ita ce Laila, kuma wannan ne fitowarta ta farko. Ya buɗe da makarantar Nizami, kuma babu almajirin da zai ga wannan fage bai ji a jikinsa ba. Malam ya umarci yara su rubuta sunan Allah a allunansu, Ƙaisu hankalinsa na wani wuri, sai ya rubuta sunan Laila. Malam ya fusata ya zuba masa tsumagiya a tafin hannu, sai ga jini na fita a hannun Laila. Da labari ya bazu ubanta ya cire ta daga makaranta. Bayan shekaru Ƙaisu ya zo garinsu sayen raƙuma tare da abokansa, suka haɗu a kasuwa, wuta ta sake kamawa.

Har nan majigin yana bin sawun littafi. Daga nan ne ya ratse. Rawail ya raba su gida biyu masu gaba, Amari da Sharwari, ya kuma ba Laila wani wa mai zafin kai, Tabrez, wanda ya kashe uban Ƙaisu, Ƙaisu kuma ya ɗauki fansa ya kashe shi. Aka kori Ƙaisu daga gari, ya shiga hamada yana kiran sunanta. Wannan ƙari yana sa 'yan kallo su gyara zama, gama ga takobi ga sukuwa, amma ya rage wa labarin dafinsa. Idan saurayi ya kashe wan yarinya, wane uba ne zai ba shi ita? Kowane alƙali zai ce uban yana da uzuri. A littafin Abul Faraji kuwa uban ba shi da abin kamawa sai tsoron bakin mutane, kuma da wannan tsoro kaɗai ya hallaka 'yarsa da ɗan danginsa. Can ne abin yake da ciwo, domin kowane waliyyi ya san wannan tsoro a cikin ransa, jinin fansa kuwa kaɗan ne suka taɓa ganinsa. Haka kuma Larabawan da ke cikin majigin nan Larabawan mafarki ne, da soraye da ƙubbobi da tufafi masu walƙiya, waɗanda makiyayin Banu Amir bai taɓa gani ba ko a ranar salla.

Amma akwai abu guda da na 1976 ya riƙe da kyau, shi ne waƙa. Majnunu ba a san shi da komai ba sai baitoci. Da waƙa ya jawo wa kansa hani, da waƙa kuma sunansa ya tsira shekara dubu da ɗari uku. Rawail ya ɗauko Sahir Ludhianvi, babban sha'irin Urdu, ya rubuta baitocin, Madan Mohan ya sa musu amo, da ya mutu a 1975 aikin bai ƙare ba sai Jaidev ya ƙarasa. Al'adar majigin Indiya ita ce ɗan wasa ya motsa leɓe, mawaƙi na dabam ya rera a ɓoye, saboda haka muryar Ƙaisu ta Muhammad Rafi ce, ta Laila kuwa ta Lata Mangeshkar. Fagen da ya fi zama a zukatan mutane shi ne inda jama'a suka taru suna jifan Ƙaisu da duwatsu, Laila ta fito da waƙa tana roƙonsu su bar shi su jefe ta maimakonsa. Mijin da aka ba ta, wani ɗan sarki mai suna Bakhsh wanda Danny Denzongpa ya fito a matsayinsa, Ibn Salam ne a sabon suna: ya yi alkawarin ba zai kusance ta ba sai ya ci zuciyarta, bai kuwa ci ba. Masoyan suka ƙare a cikin rairayin hamada. Majigin ya yi kasuwa ƙwarai a shekararsa.

Na 2018 Sajid Ali ne ya shirya shi, ya rubuta shi tare da wansa Imtiaz Ali. Sun ɗauke labarin daga hamada sun kai shi Kashmir, ƙasar Musulmi mai duwatsu da ƙanƙara a arewacin Indiya, a birnin Srinagar na wannan zamani. Laila, wadda Tripti Dimri ta fito a matsayinta, 'yar kwaleji ce mai son ta ga samari na binta. Ƙaisu, watau Avinash Tiwary, ɗan mai kuɗi ne da aka sani da shashanci. Iyayensu na rigimar fili. Rabin farko na majigin ba shi da wani abin a zo a gani, irin soyayyar da aka yi sau dubu ce, saƙo ta waya da haɗuwa a ɓoye, har mai kallo ya fara tambayar kansa ina Majnunu a cikin wannan yaro mai tabarau. Neman aure ya watse da zage-zage tsakanin iyaye, aka ɗaura wa Laila aure da wani ɗan uwanta, Ibban, mai neman girma ta hanyar siyasa. Ƙaisu ya tafi Landan.

Bayan shekara huɗu mutuwar ubansa ta dawo da shi gida, kuma daga nan ne majigin ya zama wani abu. Ya ga Laila sau ɗaya, ya yanke jiki ya faɗi. Ibban ya zama mashayi mai dukan mata, Laila ta ƙudura rabuwa da shi, kafin a kai ga haka hatsari ya kashe shi. To, ga hanya ta buɗe. Uban Ƙaisu ya mutu, miji ya mutu, babu sauran katanga sai guda ɗaya, takaba. Laila ta ce ya jira ta fita idda.

A nan ya kamata a dakata, domin wannan ne mafi kaifin abin da masu majigin suka yi. Nizami ma ya kashe mijin, ya kuma tsare Laila cikin zaman makoki na shekara biyu wanda ya ce al'adar Larabawa ce, inda ta sami damar kuka a fili, mutane na tsammani mijinta take wa alhali kuwa Majnunu take wa. Sajid Ali ya ɗauki wannan ya mai da shi ga hukuncin da kowane ɗalibin Risala ya sani: wadda mijinta ya mutu tana zaman wata huɗu da kwana goma, ba a ɗaura mata aure a ciki, ba a kuma neman aurenta da bayyanannen lafazi, sai dai shaguɓe. Ƙayyadadden lokaci ne mai ranar fita. Mutumin da ya jure shekara huɗu a Landan ba tare da wani tsammani ba, sai ga shi ya kasa jure 'yan watanni da alkawari a hannunsa. Fatake sun san irin wannan. Ayari yakan yi wata biyu a hanya ba wanda ya yi gunaguni, amma daren da aka iso bakin birni aka tarar an rufe ƙofa sai da safe, shi ne daren da barci ke ƙaurace wa ido. An kai Ƙaisu ƙauye cikin duwatsu domin ya huta, ya tsere ya shiga daji, ya fara ganin Laila a kowane wuri yana zance da ita, tufafinsa suka yage, gashinsa ya cukurkuɗe. Babu wanda ya kore shi. Da ƙafarsa ya fita.

Cikin wannan hali ne aka kawo wata hikaya da sufaye suka daɗe suna bayarwa. Ƙaisu ya gitta gaban masu salla bai kula ba, suka kama shi da faɗa, ya amsa musu da cewa shi da ya nutse cikin son abin halitta bai gan su ba, ta yaya su da ke tsaye gaban Mahalicci suka gan shi. Magana ce mai shiga jiki, kuma an sa ta a inda ta dace. Masanin fiƙihu dai zai ce gittawa gaban mai salla abin hani ne kuma an yardar wa mai salla ya tare mai gittawa, sa'an nan zai ƙara da cewa an ɗauke alƙalami daga kan mahaukaci, saboda haka babu laifi a kansa, babu kuma dalilin taɓa lafiyarsa. Masu majigin ba su tsaya warware wannan ba, sun bar mai kallo da tambayar.

Da idda ta cika Laila ta zo inda yake, ga ta a gabansa da jininta da tsokarta, shi kuwa bai bukace ta ba, domin Lailar da ke cikin kansa ta riga ta cika masa duniya. Wannan ma ba ƙagen zamani ba ne. Sufaye sun ruwaito cewa Laila ta taɓa zuwa wa Majnunu ya ce ta kauce, sonta ya shagaltar da shi ga barinta. Ta koma gida ta mutu, shi kuma ya je kabarinta ya faɗi kansa ya bugu da dutse, ya bi ta. Abin mamaki ke nan a cikin wannan gwaji: majigin da ya sa rawani ya hau raƙumi ya mai da haukan Ƙaisu sakamakon kisa da kora, abin da kowa zai fahimta, wanda kuwa ya sa wando ya shiga mota shi ne ya kai ga abin da Nizami da sufaye ke nufi, cewa akwai son da idan ya kai matuƙa ko samun masoyi ba ya warkar da shi.

Duk da haka sabon ya yi hasara biyu. Ta farko, Ƙaisunsa ba sha'iri ba ne. Akwai waƙoƙi masu daɗi a ciki, Irshad Kamil ne ya rubuta su, amma yawancinsu daga bayan fage ake jinsu, yaron da kansa ba ya ƙaga baiti. Majnunun da ba ya waƙa kuwa, a zamanin da akwai asibiti da likitan ƙwaƙwalwa, yana iya zama wa mai kallo majinyaci kawai wanda danginsa suka makara wajen nema masa magani, kuma da wuya a kore wannan tunani gaba ɗaya. Ta biyu ita ce mijin. Mai da shi mashayi azzalumi hanya ce mai sauƙi, tana sa kowa ya goyi bayan Laila ba tare da ya yi nazari ba. Ibn Salam na Nizami da Bakhsh na 1976 sun fi wuyar sha'ani, domin mutanen kirki ne da suka biya sadaki bisa ƙa'ida, suka kyautata, suka kuma ƙare da hannu wofi ba tare da sun zalunci kowa ba. A wannan wuri tsohon ya fi.

Ita Laila fa, a duka biyun ita ke ɗauke da kaya mafi nauyi. Nizami ya riga ya lura da haka, ya sa ta faɗi cewa shi namiji ne yana da daji da zai shiga ya yi kururuwa, ita kuwa tana tsare a ɗaki tana haɗiye nata. A 1976 an ba ta waƙa guda da ta tsaya gaban masu jifa. A 2018 an ba ta baki ta yi wa mijinta tsiwa, an ba ta niyyar fita daga auren, amma da Ƙaisu ya shiga daji majigin ya bi shi da na'urarsa ya bar ta a ɗaki tana ƙidayar kwanaki, kamar yadda marubuta suka saba tun zamanin Abul Faraji.

Ta fuskar ciniki kuwa, sabon ya faɗi warwas da ya fito a watan Satumba na 2018. 'Yan wasansa ba sanannu ba ne a lokacin, aka cire shi daga gidajen silima ba a daɗe ba. Mutanen Srinagar da aka ɗauki majigin a titunansu ba su ma sami inda za su gan shi ba, gama tun tashin hankalin da ya fara a ƙarshen 1989 aka rufe gidajen silima na Kashmir, 'yan ƙoƙarin da aka yi na sake buɗewa kuma ba su ɗore ba. Daga baya mutane suka yi ta kallonsa ta intanet suna ba juna labari, Tripti Dimri kuma ta yi suna da wasu ayyukan. A 2022 aka buɗe sabon gidan silima a Srinagar. A watan Agusta na 2024 aka sake fitar da majigin, aka fara da wannan birni kafin sauran Indiya, kuma cikin 'yan kwanaki kuɗin da ya tara ya wuce duk abin da ya samu a fitowarsa ta farko.